Kiristan Cikin Labaranmu Ba Ya I'ina

Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a labaran da muke karantawa a waya. Yarinya Kirista ta zo gari, ko ma'aikaciyar jinya ko mai bautar ƙasa. Saurayi mai ilimi ya jefa mata tambaya biyu kan Allah Uku Cikin Ɗaya. Ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo, babi na gaba an kira ta Maryam ko A'isha. Idan muka leƙa ƙasidun shaida da ake rabawa a coci, fitowar ce dai aka juya mata baya: an tsare mai bi da tambaya, amsa ta sauko masa tsaf, mai tambaya ya yi tsit.

Ba sauya addini muke ƙorafi a kai ba, mutane suna sauyawa da gaske. Ƙorafinmu na adabi ne. A duka biyun an rubuta amsa kafin a yi tambayar. Masu rubuta manhaja sun san cewa idan duk abin da aka shigar sakamako ɗaya yake fitowa, to manhajar ba ta karanta komai ba. Haka waɗannan taurarin suke, ba sa sauraro, ba sa tsoro, ba sa i'ina.

Alhali wurin da ake yin tambayar nan yana gabanmu. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a 2006, ɗalibai daga ƙasar Zuru da Yawuri suke zuwa karatu cikin masarautar Gwandu, da yawansu Kiristoci ne waɗanda da Hausa suke addu'a. Tambayar takan same su a ɗakin kwana, ko a motar haya tsakanin Jega da Maiyama, ko a wajen cinikin albasa. Sau da yawa ma ba da faɗa take zuwa ba, da ƙauna take zuwa: "Kai da kirkinka haka, me ya hana ka salla?" Wannan ta fi ta maƙiyi wuyar amsawa, domin mai yin ta jiya ya raba abincinsa da kai. Kuma tun ranar 12 ga Mayu 2022, da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, duk ɗalibin da ke wannan yanki ya san kalma tana da nauyi. Yana auna ta kafin ta fito.

Me yake dogara da shi a wannan daƙiƙar? Nan ne marubutanmu suka bar dukiya a ƙasa. Littafi Mai Tsarki ba baƙon littafi ba ne a Hausa. Tun 1857 Schön ya buga Bisharar Matiyu, cikakkiyar fassara kuma ta fito a 1932 da aikin Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa. A cikinsa akwai umarni biyu da suke jan mai bi ta hannu biyu. A Luka sura 12, an gaya wa almajirai kada su damu da tsara abin da za su faɗa in an kai su gaban mahukunta, Ruhu Mai Tsarki zai koya musu a lokacin. A wasiƙar Bitrus ta fari sura 3 kuwa, an ce su zauna a shirye su amsa wa duk mai tambayar dalilin begensu, cikin tawali'u. Kada ka shirya, kuma ka kasance a shirye. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi ma ya tashi da batun ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wanda aka danganta wa umarni na biyun. Bitrus ne, mutumin da ya yi musun ubangidansa sau uku a dare ɗaya. Ba kuma sarki ne ya fara tsare shi ba, wata baranya ce ta dube shi a hasken wuta yana jin ɗumi, ta ce ta gane shi. Bishara ba ta ɓoye wannan ba, har kukansa ta kawo. Littafin da masu ƙasidun shaida suke kafa hujja da shi ya fi su ƙarfin halin nuna mai bi yana rawar baki. A ganinmu, labarin da jagorar Allah take zuwa a cikinsa kamar saƙon waya, nan take kuma cikakkiya, ya rage wa dogaron daraja. Dogaro yana da ma'ana ne a tsakanin tambaya da amsa, lokacin da mutum bai san abin da zai fito daga bakinsa ba.

Tarihinmu ma ya ba mu irin wannan tsayuwar. A wajajen shekarun 1860 an yi wani Malam Ibrahim a Kano, malamin Musulunci da ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda. An nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa. Mabiyansa, Isawa, suka watsu har wajen Ningi. A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Dokta Miller, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya cinye garin, ragowar suka shiga cikin jama'ar da ta zama Wusasa. Malam Ibrahim ba Kirista ba ne, shi ya sa labarinsa bai dace da ramin kowane ɓangare ba. Wataƙila shi ya sa ba mu ci karo da shi a ƙagaggun labaranmu ba.

Mai tambayar ma an zalunce shi. A wancan rubutun shi ne gwanin da bai taɓa shakka ba, a wannan kuma shi ne mugun da za a rufe wa baki. Amma ɗan kasuwar Aliero da ya tambayi yaron shagonsa don yana jin tsoron makomarsa a lahira, ya samu amsa rabi da rabi, ya yi shiru, sannan ya miƙa masa kuɗin mota ranar Lahadi, shi ma yana da abin da yake roƙon Allah ya nuna masa. A babi na gaba yaron yana nan da sunansa, su biyun suna ƙirga buhuna.