Shaidar Na Waje: Halin da Hidimar Kirista Ke Bukata a Sakkwato

Ƙofar Atiku na cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Sakkwato, kuma unguwar da ke kewaye da ita ta Musulmi ce tun kaka da kakanni. Daga nan zuwa babbar majami'ar Holy Family da ke titin Ahmadu Bello ba wata tafiya ba ce. Fada ko fasto ko mai bishara da aka turo garin nan, a tsakiyar irin waɗannan unguwanni zai sayi cefane, ya kama haya, ya kai mara lafiya asibiti. Saboda haka masu auna halinsa na farko maƙwabta ne da ba za su taɓa jin wa'azinsa ba. Wasiƙar farko da Manzo Bulus ya aika wa Timoti ta sa kyakkyawar shaida daga waɗanda ba masu bi ba cikin sharuɗɗan shugaban ikilisiya. A wasu garuruwan ana iya ɗaukar sharaɗin da wasa. A Sakkwato kuwa shi ne jarin mai hidima gaba ɗaya.

Tarihin aikin ya nuna haka. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Da ƙungiyar mishan ta SIM ta sami ƙofa a ƙarshen shekarun 1930, ta hanyar jinyar kutare ta same ta: Amanawa a ƙasar Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano. Wanke gyambo da ɗaure miki shekara da shekaru ba aikin mai gaggawa ba ne. Ana iya sukar 'yan mishan na lokacin a kan abubuwa da dama, har da yadda jinya ta cakuɗe da neman mabiya, kuma sukar na da tushe. Amma sun bar wa na bayansu fahimtar cewa a wannan ƙasa sai an ga hannunka kafin a saurari bakinka.

Ɗarikar Katolika ma da tafiyar hawainiya ta kafu. An keɓe yankin Sakkwato a 1953, ya zama cikakkiyar dayosis a 1964 ƙarƙashin Bishop Edward Lawton, Ba'amurke ɗan ƙungiyar Dominikan. Michael Dempsey ya gaje shi a 1967, bayan tashin hankalin 1966 ya watsa mutanen Gabas, waɗanda su ne mafi yawan masu zuwa sujada. Makiyayin da ya tarar da kujeru babu kowa, me zai riƙe shi? Dempsey ya zauna har 1984. A ganina wannan zaman shi ne babban wa'azinsa. Sai a 2023 aka yanke dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko, Bahaushe haifaffen ƙasar. Shekara saba'in ke nan tsakanin shuka da wannan girbi.

Jimiri a nan iri biyu ne, kuma an fi ba da labarin na farko. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai daga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd a Kaduna, aka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, wanda dayosis ɗin Sakkwato ta tura. A Mayun 2022, bayan kisan wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, masu zanga-zanga sun far wa majami'ar Holy Family, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. Kafin watan ya ƙare, 'yan bindiga sun ɗauke limaman Katolika biyu a Gidan Maikambo ta ƙaramar hukumar Kafur, suka riƙe su kusan wata guda. Su waɗannan 'yan bindiga ba su bar limamin masallaci ko manomi ba. Wutar ɗaya ce take cin kowa.

Iri na biyu ba ya shiga jarida, shi ne kuma ya fi karya mutane. Mai bishara a ƙauye yana rayuwa da ɗan baikon ranar Lahadi da abin da gonarsa ta ba shi. Jama'arsa a birni sojoji ne, 'yan sanda, 'yan kasuwa, ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima. Kafin ya gama sanin sunayensu an yi musu canjin wurin aiki. Neman filin gina majami'a kan ci shekaru. Matarsa, wadda Zumuntar Mata ke kira mama, ita ke ɗauke da rabin nauyin ba tare da albashi ba. A irin wannan hali jarrabawar ita ce ɗacin rai: ya fara kallon kowane maƙwabci a matsayin maƙiyi, ya daina zuwa gaisuwar mutuwa da barkar suna, ya mai da mumbari wurin ƙorafi. Wanda ya kai nan ya riga ya tafi, ko da kayansa na cikin gida.

Haƙuri kuma ba kame baki ba ne. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya zo Sakkwato a 2011, ya soki gwamnatin Buhari a saƙonsa na Kirsimetin 2020, har wata ƙungiyar Musulmi ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar garin. Bai tafi ba. Akwai masu ganin harshensa ya cika kaifi, kuma suna da damar faɗa. Duk da haka, shi da Sarkin Musulmi suna zama a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke jagoranta, wanda ke sa 'yan takara su sa hannu a yarjejeniyar zaɓe ba tashin hankali. Faɗin abin da ke ranka ba tare da ka yanke zumunci ba, shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa a makarantun tauhidi. Ya kamata masu turo matasa hidima Sakkwato su riƙa tambaya tun kafin naɗi: yana jin Hausa sosai, yana biyan bashi a kan lokaci, zai iya durƙusa ya gai da dattijon unguwa da zuciya ɗaya?