Bayan likita ya cire tabarau, sai me?

Mai karatu, na san ka haddace wannan fitowar. Likita ya duba takarda, ya cire tabarau, ya girgiza kai ya ce, "Sai haƙuri." Kiɗan tausayi ya tashi. Kafin minti goma an shafa wa jaruma hoda a leɓe, ta yi tari uku, ta nemi gafarar iyaye, ta cika. Haka akasarin finafinanmu su ka riƙa sallamar mace mai ƙanjamau: cutar bulala ce, mutuwa kuma ita ce "faɗakarwa".

Ba a taru an zama ɗaya ba. Fim ɗin "Waraka" na Ahmad Sarari, a shekarun 2000, ya yi ƙoƙarin yaƙar ƙyamar masu cutar. To amma zamani ya wuce labarinmu. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta fara ba da maganin rage kaifin cutar kyauta. Macen da ta riƙe maganinta ta na aure, ta na haihuwar lafiyayyun 'ya'ya, kuma in ƙwayar ta yi ƙasa har gwaji bai ganin ta, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya. Wato inda darakta ke rubuta "Alhamdulillahi", nan ne labarin ya fara.

Ɗauki mace a Sukuntuni, wadda ke hawa mota zuwa Kankiya karɓar magani a ɓoye, don gudun bakin kishiya. Ta tsallake siraɗi ɗaya, ga wani a gabanta: sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ƙanjamau ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin kamuwa da ita. Ƙwayar HPV ce sila, ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta. A jiki mai ƙarfi ta kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. In garkuwa ta yi rauni, 5 zuwa 10 sun isa. A 2020 kaɗai, mata kusan 8,000 ta kashe a Nijeriya.

Abin takaicin, ana iya tare ta. Shawarar hukumar ta 2021 ita ce mai ƙanjamau ta fara gwaji tun ta na shekara 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Akwai ma gwaji mai sauƙi: a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a magance shi kafin ya rikiɗe. Rigakafin HPV na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuwa ya iso Jihar Katsina a 2024.

Yanzu don Allah, wane labari ya fi wannan? Mace na ganin jini bayan kwanciya, ta na jin nauyin faɗa wa miji. Uwa ta ce ciwon sanyi ne, ƙawa ta ce sammu ne, ita kuma tsoronta kada a ce namiji ne zai duba ta. Ga kunya, ga kishi, ga kuɗin mota. Amma da marubucinmu ya zo nan, sai ya tura ta gidan boka, don ya fi sauƙin ɗauka.

Za a ce fim ba asibiti ba ne, kuma kunya ba za ta bari ba. Ai ba a ce a kai kyamara bayan labule ba. A nuna ma'aikaciyar jinya ta na yi mata bayani, a nuna miji ya raka ta, ya zauna a benci ya na jira. Mun iya nuna saki uku ba kunya, sai wannan ne zai gagare mu?

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, kada ki jira furodusa. Ranar karɓar magani, ki tambayi ma'aikaciyar inda ake gwajin bakin mahaifa, ko da ba ki jin ciwon komai.