Hasken da Ke Narkar da Maiƙon Ido

Mai fama da bushewar ido sau da yawa hawaye yake zubarwa, kuma wannan ne ke ɗaure wa mutane kai. Ido na yaji kamar an watsa masa yashi, yana ja, rubutu na dusashewa sai an ƙifta, ga kuma ruwa yana kwarara. Ruwan ba shi ne matsalar ba. Hawayen da ke lulluɓe ƙwayar ido yana da ɗan siririn maiƙo a samansa wanda ke hana shi ƙafewa. In maiƙon ya yi ƙaranci, iska ta ɗebe danshin nan da nan, ido ya ji zafi, ya sake kwararo ruwan da shi ma ba zai zauna ba. Shi ya sa mutum zai shekara yana ɗiga maganin ido safe da yamma, sauƙin bai wuce na ɗan lokaci ba.

Maiƙon yana fitowa ne daga wasu 'yan siraran jakunkuna da ke jere a tsaye cikin fatar ido, kamar talatin a ta sama, ashirin da wani abu a ta ƙasa, bakin kowace yana buɗewa a bayan gashin ido. Wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, shi ya yi cikakken bayaninsu a 1666, har yau kuma da sunansa likitoci ke kiran su. Duk ƙiftawa tana matso ɗan kaɗan daga cikinsu. A ido mai lafiya abin da ke fita garau yake kamar man gyaɗa. In jakunkunan sun lalace sai ya daskare kamar man shanu a sanyin hunturu, ya toshe ƙofa, jakar ta yi ta shanyewa. Mafi yawan masu bushewar ido mai naci a nan ciwonsu yake.

Yadda haske ya shigo maganar yana burge ni, domin daga sauraren marasa lafiya ya samo asali. Tun shekarun 1990 likitocin fata ke amfani da wata na'ura mai walƙiyar haske mai ƙarfi, wadda ake kira IPL, wajen maganin jan fuska da jijiyoyin da suka fito fili a fata. A 2002 wani likitan ido a birnin Memfis na Amurka, Rolando Toyos, ya lura cewa waɗanda aka yi wa wannan aiki a fuska suna dawowa suna cewa idanunsu ma sun yi sauƙi. Da wani likitan ne, da ya yi murmushi ya wuce. Shi kuwa ya riƙe maganar, ya shafe shekaru yana gyara ƙarfin hasken da wurin da za a haska. Sai a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar kamfanin Lumenis, OptiLight, musamman don wannan ciwo.

A ɗakin aiki, gwani ba ya gaggawar kunna na'ura. Yakan fara sa ɗigon wani launi a ido ya ƙirga daƙiƙu nawa hawayen ke yi kafin ya tsage. Ƙasa da goma alama ce ta matsala. Sai ya juya fatar ido ya ɗauki hoton jakunkunan, ya ga waɗanda ke tsaye da waɗanda suka gajarce ko suka ɓace. Ya tambayi magungunan da mutum ke sha, domin wasu na sa fata ta kasa jure haske. Sannan ya rufe idanu ruf da marfi na musamman. Wannan marfi ba abin wasa ba ne: baƙin ido yana zuƙar haske, kuma an samu waɗanda idonsu ya yi mummunan rauni saboda an yi sakaci da shi. A shafa wani mai sanyi mai santsi a fuska, a ɗora bakin na'urar, a bi daga gaban kunne ɗaya, ta ƙarƙashin ido, a haye hanci zuwa ɗaya kunnen, kowace walƙiya tana ɗan hawa kan sawun ta baya don kada a bar giɓi. Abin da mara lafiya ke ji ɗan ɗumi ne da tsartuwa kaɗan. Minti goma zuwa sha biyar an gama.

Masana na ganin hasken yana aiki ta hanyoyi da dama. Jan jini yana zuƙarsa, sai ƙananan jijiyoyin da suka yaɗu a gefen fatar ido, masu ciyar da kumburi, su tsuke. Ɗumin yana sassauta daskararren maiƙon, yana kuma rage wasu ƙananan halittu da ke zama a gindin gashin ido.

Amma inda hannu ke nuna kansa shi ne bayan an kashe na'urar. Likita zai zaunar da mutum gaban madubin duba ido, ya ce masa, "Dubi sama, kada ka ji tsoro," ya kama fatar ido ta ƙasa tsakanin bakin wani ɗan hantsaki mai faɗi, ya matsa daga tushe zuwa baki. A madubin yana kallon ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Wata ta fitar da farin abu mai kauri yana murɗewa kamar zare, wata ta ba da ɗigo mai duhu, wata ta ƙi. Ya matsa da yawa ya ji wa fata mai laushi ciwo. Ya yi sako-sako ya bar toshiyar a inda take. Babu lamba a jikin na'ura da za ta gaya masa iyaka, yatsunsa ne suka sani, kuma ya san jakar da zai ƙyale sai zama na gaba. Yawanci zama huɗu ake yi, da tazarar mako biyu zuwa huɗu, kuma gwani yana tuna abin da kowane sashe ya bayar a wancan karo.

Akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Baƙin launin fata yana zuƙar wannan haske kamar yadda jini ke yi. A ma'aunin da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fara tsarawa a 1975, fata kashi shida ce, kuma IPL an fi yin sa ga kashi na ɗaya zuwa na huɗu. Yawancinmu muna na biyar da na shida, inda walƙiyar za ta iya ƙona fata ko ta bar tabo fari ko baƙi a fuska. Ga kuma hunturu da ƙurarsa, ga fanka, ga waya da muke ƙura wa ido har ƙiftawa ta ragu, duk masu tsananta bushewar ido. Don haka a wurina babban gwani shi ne wanda zai dubi fuskar mutum, alhali na'urar mai tsada tana gefensa tana jiran ta mayar da kuɗinta, ya ce, "Baba, wannan ba naka ba ne." Sai ya koma ga gashi da tsumma mai ɗumi, da wanke gefen fatar ido, da matsar hannu, ko kuma wani jan haske mai sanyin ƙarfi da ake sawa a fuska kamar takunkumi, wanda ba ya farautar launin fata.

Irin wannan likita ba ya kuma yin alkawarin warkewa. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane a 2020 ya ce hujjojin da ake da su kan IPL a lokacin ba su kai a yanke hukunci ba, ko da yake an ci gaba da gwaje-gwaje bayansa. Sauƙin da ake samu yakan buƙaci a sabunta shi bayan watanni, kuma jakar da ta riga ta shanye ba a sa ran dawowarta. Abin da ake ƙoƙarin ceto shi ne waɗanda suka rage, shi ya sa hoton farko da aka ɗauka yake da daraja: da shi ake gwada na baya, a ga ko jakunkunan, waɗanda ke fitowa a hoton kamar fararen layuka cikin fatar ido, suna nan yadda aka bar su.