Gunkin Lahor da Zanen Birnin Kudu: Mene Ne Aikin Gidan Tarihi?

Ɗalibin da ya taso a Kazaure ko Roni, Ɓaɓura ko Gwiwa, in aka ce masa gidan tarihi, Gidan Makama na Kano ne zai faɗo masa a rai, inda ake ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da makamai da hotunan sarakuna. Shi ya sa da yawanmu muka ɗauka ba da labarin mulki da yaƙi shi ne iyakar aikin irin wannan gida. Alhali kuwa akwai wani aikin, wato adana gwanintar hannu, ko ta wane ne. Don mu ga misali, bari mu leƙa Lahor ta ƙasar Pakistan, birnin Musulmi kamar Kano.

Gidan tarihin Lahor, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1865, ya shahara da sassaƙe-sassaƙen mabiya addinin Buda na ƙasar Gandara. Mafi suna a cikinsu shi ne siffar Buda yana azumi, wadda aka sassaƙa da dutse fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Idanu sun faɗa, haƙarƙari sun fito ɗaya bayan ɗaya, har jijiyoyi sai da masassaƙin ya fitar, amma ga mutumin zaune daram, bai sunkuya ba. A nan gwanintar take: jiki ya ƙare, niyya ba ta ƙare ba. Ba sai ka yarda da addininsa ba kafin ka gane abin da dutsen ke faɗi.

A cikin gidan nan dai akwai zane-zanen zamani na Abdur Rahman Chughtai, wanda ya rasu a 1975, mai siririn layi irin na masu zanen fadar sarakunan Mugal, da kuma babban zanen da Sadequain ya yi a rufin zauren. Dukansu Musulmi ne. Wanda ya kalli aikinsu bayan ya kalli na Gandara zai ga addini ya sauya, amma ƙasar ba ta daina haifar gwanaye ba. Maƙwabtansu na Afganistan kuwa, da 'yan Taliban suka rushe gumakan Bamiyan a 2001, sun yi asarar da ba ta da mayi.

To, mu fa? A duwatsun Birnin Kudu, cikin jiharmu, akwai zanen shanu na mutanen da. A gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai kawunan yumɓu na Nok. Tun 1958 ɗaliban zane na Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka yi kira a haɗa fasahar gargajiya da ta zamani. Ga kuma magina masu zayyanar bango da masu zanen jikin manyan motoci, waɗanda aikinsu ke ɓacewa da zarar gini ya faɗi ko mota ta mutu.

Jama'a, adana abu ba bauta masa ba ne. Ya kamata masarautar Kazaure ta sami ɗaki ko da ɗaya ne, inda kayan kakanni za su zauna kusa da aikin jikoki. In mun ƙi, wata rana sai mun nemi biza kafin mu ga namu.