Tuntuɓe da Gwaninta a Wasan Shata na Dandali

A wannan ɗan sharhi za mu dubi wasan dandali na Alhaji Mamman Shata (1923-1999), wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Duk wanda ya saurari kaset-kaset ɗinsa da aka ɗauka a wuraren biki ya san ba kowane zama ke yin armashi daga farko har ƙarshe ba. Wani lokaci kalangu kan riga murya, ko 'yan amshi su shigo a makare, ko shi kansa ya yi ta nanata ɗa guda yana jiran mai kyauta ya gama. Can sai wani ɗan waƙa ya faɗo masa, kiɗa da amshi su haɗu, wuri ya ɗauka.

Dalili kuwa shi ne, Shata nan take yake ƙulla ɗiyan waƙarsa, gwargwadon mutanen da ya gani a gabansa. Shi ya sa da wuya a sami rerawar Bakandamiya biyu da suka zo daidai.

Mu da muke halartar bukukuwa a zaurukan Abuja mun saba da mawaƙin da ake sa wa waƙar da ya riga ya naɗa a situdiyo, yana bin ta da baki. Ba ya tuntuɓe, amma ba ya zuwa mana da sabon abu. A ganinmu, gargadar wasan Shata ita ce kuɗin da ake biya kafin a ji abin da ba a taɓa ji ba, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu.