Tauraruwa Mai Wutsiya da Matsayin Littafin Nishaɗi a Adabinmu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatu a garin Bauchi ya san cewa idan aka ambaci ƙagaggen labari, Shaihu Umar ne ke fara zuwa baki. Ba abin mamaki ba ne, domin marubucinsa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar ne, kabarinsa ma yana cikin garin. Littafi ne mai nauyi, mai jigon bauta da haƙuri da neman ilimi. Sai dai girman irin waɗannan littattafai ya sa mun saba da auna kowane rubutu da mudu guda, wato wane darasi ya koyar. Wanda bai cika wannan mudu ba sai mu ce na yara ne, mu tura shi ƙarƙashin katifa. A wannan ɗan sharhi za mu ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa haka, wato Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, mu duba ko nishaɗin da ya bayar ya isa a kira shi amfani.

Asalin Labaran Kimiyya Masu Araha

Kafin mu shiga littafin, ya kamata mu san danginsa. A shekarar 1926 wani mai suna Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ba ta buga komai sai ƙagaggun labaran kimiyya: jiragen zuwa taurari, mutum-mutumin ƙarfe, da baƙi daga wasu duniyoyi. A kan takarda mai araha ake buga ta, irin wadda ke saurin yin ja, manazarta na lokacin kuwa ba su ɗauke ta bakin komai ba. Amma a cikinta ne labarin Isaac Asimov na farko ya fito a 1939, mutumin da daga baya ya zama jigo a wannan fage. Ashe takarda mai araha tana iya renon babban marubuci.

Littafin Dembo

Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawo cikin sararin samaniya. Littafin siriri ne, ana iya gama shi a zama ɗaya.

A ganinmu ƙarfinsa yana wuri biyu. Na farko shi ne zaɓen tauraron labari. Dembo bai ɗauko jarumi mai takobi ba, bai ɗauko malami mai rawani ba, sai ya ɗauko yaro, domin yaro ne ke da izinin mamaki da tambaya ba tare da jin kunya ba. Ta idon Kilba mai karatu yake ganin sama, tsoronsa da murnarsa su zama namu. Na biyu shi ne harshe. A lokacin da labarin zuwa wata ke isowa ta rediyo kamar almara, marubucin ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar wannan zance ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Raunin littafin ma a fili yake. Kimiyyar da ke cikinsa ba ta da zurfi, kuma wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito tun 1934, zai ga cewa Kolin Koliyo ɗan'uwan aljanun can ne, tufafi kawai ya sauya. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dembo ya tashi sama, amma da fikafikan tatsuniya ya tashi. Mun yarda wannan ya rage wa littafin matsayi a matsayin labarin kimiyya, sai dai shi ne kuma ya sa Bahaushe ya karɓe shi ba tare da ɗari-ɗari ba.

Shin Nishaɗi Amfani Ne?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya wajen kare su. Abin da muka koya daga wannan muhawara shi ne, littafin da ake karantawa don daɗi shi ke haifar da mai karatu. Da yawa daga cikinmu ba aikin aji ne ya koya mana son karatu ba, ƙananan littattafan da muka saya a Kasuwar Wunti ne, muka karanta da fitilar ƙwai har mai ya ƙare. Ɗalibin da ya gama Tauraruwa Mai Wutsiya cikin dare ɗaya ya huta, ya yi dariya, ya kuma fita waje ya ɗaga kai ya dubi taurari da wata tambaya a ransa. Littafin bai yi alkawarin fiye da haka ba, kuma ya cika alkawarinsa.

Kammalawa

Abin takaicin shi ne hanyar da Dembo ya share ba ta sami mabiya da yawa ba, alhali Bauchi tana da jami'ar fasaha tun 1980, cike da matasa masu jin Hausa da suka san lissafi da injuna fiye da yadda marubutan 1969 suka sani. Muna kira ga ɗalibai masu aiko da labarai ga wannan mujalla da su nemi littafin su karanta, su ga inda ya tsaya, su ɗora daga nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Idan labarinsu ya sa wani ya manta da barcinsa na dare ɗaya, to, ba su yi aikin banza ba.