An Mayar da Tsohuwar Lasifika Kayan Jere

Jama'a, abin nan ya ishe ni, yau kam sai na faɗa. Wannan yayi na tsofaffin lasifikoki da amfilifaya mai kwalba, wanda ya kamata in fi kowa murna da shi, shi ne yake ɓata min rai kusan kullum. Mutum zai zuba maƙudan kuɗi ya sayo amfilifayar McIntosh MC275, samfurin 1961 mai kwalaben KT88 guda huɗu, ya kashe fitilar ɗaki don a ga yadda suke haske, ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo ya watsa wa duniya. Nan da nan a hau rububin yabo: kai, wannan sauti! Wane sauti, don Allah? Ta ƙaramar lasifikar wayarka fa kake ji. Shi kansa mai kayan, faifan bai kai rabi ba ya miƙe ya koma duba mutum nawa suka kalla.

Kayan jere aka mayar da su, irin kwanukan amarya da ke cikin kabad, a goge su safe da yamma amma ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba. Mutanen da suka ƙera waɗannan na'urori sun ƙarar da ƙuruciyarsu ne wajen neman yadda muryar mawaƙi za ta fito tamkar yana zaune a gabanka, kuma wannan aikin ne yanzu ba a ba su damar yi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kowa Japan yake kafa hujja da ita. Gaskiya ne, wuraren sauraron faifai da suka yawaita a Landan da New York cikin 'yan shekarun nan gidajen shan kofi na Japan suka kwaikwaya, waɗanda ake kira jazz kissa. To amma me ya sa waɗancan gidaje suka bunƙasa? Bayan yaƙin duniya na biyu faifan Amurka ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Sai mutum ya biya kuɗin kofi ɗaya, ya zauna awa biyu ko uku yana sauraro, kuma a da yawa daga cikinsu an hana hira gaba ɗaya. Gidan Lion da ke unguwar Shibuya a Tokyo, wanda aka kafa tun 1926, kujerunsa lasifika suke fuskanta, ba a surutu, ba a ɗaukar hoto. Shoji Sugawara ya buɗe gidansa mai suna Basie a garin Ichinoseki a 1970, ya shafe shekaru kusan hamsin yana gyaran saitin lasifikokinsa na JBL, yau ya ɗan matsa nan gobe ya ɗan juya can. Wannan haƙurin da wannan zaman sauraron ne gadon da suka bari. Mutanenmu na yau sun kwaso katakon da hasken, sun baro zaman a can.

In kana so ka gane wanda bai taɓa zama ya saurari kayansa ba, dubi yadda ya haɗa su. Kwalbar nan 300B da Western Electric ta fitar a 1938, wadda ta yi aiki a gidajen sinima, in ita kaɗai ce a gefe ɗaya wat takwas take bayarwa, ba ƙari. Wat takwas ya ishi lasifikar Klipschorn har ya yi yawa, domin Paul Klipsch ya ƙera ta a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas da bututu naɗaɗɗe mai haɓaka sauti, wat ɗaya kacal yana fitar da desibel kusan 105. Amma sai ka ga an jona 300B ɗin nan da 'yar ƙaramar LS3/5A, wadda BBC ta tsara don motocin watsa shiri daga waje, mai ba da desibel 83 ko ƙasa da haka. Tazarar desibel ashirin na nufin ƙarfi ninki ɗari ake bukata kafin su yi ƙara ɗaya. Ganga ta buga, amfilifaya ta shaƙe, mai kaya yana murmushi yana cewa ai wannan shi ne laushin kwalba. Haba malam! Numfashi ne ya ƙare mata.

Ita kuma Klipschorn ɗin, kusurwar ɗaki aka yi ta dominta, bangon nan biyu su ne ke ƙarasa mata bututun. Na ga an jawo tsohuwar ƙirarta tsakiyar falo don ta fito sosai a hoto, duk kaurin sautin ya zube. Quad ESL ta 1957, wadda Peter Walker ya yi da siririyar leda mai motsi da lantarki, gaba da baya take fitar da sauti, tana son fili a bayanta. Ita ce kuma za ka tarar an manna da bango kusa da tukunyar fure.

Sai babbar masifar, wato alfahari da cewa "ba a taɓa buɗe ta ba". Wannan magana tana ƙara wa kaya kuɗi a kasuwa, ni kuwa tsoro take ba ni. Kwandensan da ya shekara sittin ya bushe, ko kuma ya fara yoyon wuta. In wanda ke gaban babbar kwalba ya fara yoyo, kwalbar za ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, farantin ƙarfen da ke cikinta ya yi jajawur kamar garwashi. Wallahi na ga wanda ya ɗauki hoton wannan jan yana yabon kyansa. Hasken lafiya ɗan ƙarami ne, ruwan goro, daga zaren da ke tsakiya. Faranti ya yi ja, ka kai hannu ka kashe, domin abin da ke biye shi ne tiransifomar ta ƙone, kuma ita ce ran na'urar, ita ce mai wuyar samu. Haka soson da ke zagaye da bakin lasifikokin shekarun 1970, yana ruɓewa da kansa, ka taɓa da yatsa ya marmashe. A canza shi ba laifi ba ne. Wanda ya ƙi canzawa don kada kaya su rage daraja ya riga ya gaya maka cewa sayarwa ce a ransa.

Ba zan ma tsaya dogon bayani kan 'yan akwatunan nan masu araha ba, waɗanda aka dasa wa kwalba biyu a ka, aka ɓoye ƙaramar fitila mai launin lemo a ƙarƙashinsu don su yi kamar suna ci, alhali tiransisto ne ke ɗauke da nauyin aikin. Masu ƙera su sun karanci kasuwarsu sarai.

Na san za a ce kuɗinsa ne, ya yi abin da ya ga dama. To, Allah ya sa alheri.

Dole kuma in yarda, ko ba na so, cewa yayin nan ya yi rana. Masana'antun kwalba kaɗan suka rage a duniya: akwai ta Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, akwai wasu a ƙasar Sin. A watan Maris na 2022, da Rasha ta sanya takunkumi kan fitar da wasu kayayyaki, farashin kwalba ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki, kowa ya gane yadda igiyar take da siriri. Ba don masu saye sun yi yawa ba, da Western Electric ba ta koma yin 300B a jihar Jojiya ba, da Klipsch ba ta ci gaba da ƙera Klipschorn har yau ba. Masu hoton nan da kuɗinsu suna cikin waɗanda suka riƙe masana'antun. Na gode musu a kan wannan, amma raina bai daina ɓaci ba.

Kuma ba ina cewa tsohuwar na'ura ta fi sabuwa a ma'auni ba ne. Amfilifayar zamani mai matsakaicin kuɗi ta fi ta tsabtar sauti, ta fi ta sanyi, ta fi ta tattalin wuta. Abin da nake ƙauna a kwalba daban ne. Ɗan gurɓacewar da take ƙarawa galibi mai daɗin ji ne, yana cika murya, kuma in an matsa mata a hankali take karaya. Ka sa faifan Ɗan Maraya Jos mai kyau a kan Tannoy irin wadda aka saka ƙaramar lasifikar a tsakiyar babbar, ƙirar da suka fara a 1947, ka zauna daidai tsakiya. Kuntigin da muryar daga wuri ɗaya suke fitowa, har kana jin inda ya ja numfashi kafin ya shiga baiti na gaba. Sannan ga shi tsohuwar na'ura ana gyara ta. Amfilifayar Dynaco ST-70 da David Hafler ya fitar a 1959, a warwatse ake sayar da ita cikin kwali, malamin makaranta ko ma'aikacin gidan waya ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi ya haɗa abarsa a gida. Ka kifa ta ka buɗe, kowace waya kana ganin inda ta fito da inda ta nufa.

A nan gida kuwa abin takaicin ninki biyu ne. Ana yo odar kayan Amurka masu bolt 120 ko na Japan masu bolt 100, a zo a cusa su a soket ɗinmu mai 230, ko a ɗora su kan janareto mai hawa da sauka, hayaƙi ya tashi a ce an cuce mu. A lokaci guda tsofaffin rediyo masu garmaho na Grundig da Philips da iyayenmu suka saya suna can a sito ƙura ta binne su, daga ƙarshe 'yan jari-bola su fasa su don tagulla da maganaɗisu. Dattawan masu gyaran rediyo da suka koyi aiki a zamanin kwalba kuma suna ta ƙarewa, yaransu sun koma gyaran waya.

Wanda duk yake da irin wannan akwati a gidansu, don Allah kada ya jona shi don gwaji. A cikinsa akwai wutar da kan haura bolt 300, kuma kwandensa yana riƙe ta ko bayan an zare filogi. Kada kuma a kunna amfilifaya mai kwalba ba lasifika a jone, tiransifoma ce za ta biya. A nemi dattijon mai gyara, wanda zai fara sa kwan lantarki tsakanin na'urar da soket kafin ya ba ta wuta: kwan ya haska ya dushe, da sauran rai, ya tsaya da haske ƙal, akwai inda wuta ke zuba. A biya shi kuɗin aikinsa da kyau, a kuma tura masa yaro ya zauna kusa da shi ya ga yadda ake yi.